Garma Ta Ƙi Tashi

Talata, a gonar Lamingo.
Ruwa ya kwana yana sauka, ƙasa ta yi laushi,
na ja liba, garma ta ƙi tashi.
Na sake ja. Ta ɗaga kamu guda,
ta yi rawar ɗari, ta koma ta kwanta.
Injin lafiyarsa ƙalau, sai ruri yake,
hannuwan baya ne suka mutu.

Taraktar nan ta girme ni.
Ja ce a da, in ji Kawu Shitu da ya bar mini ita,
yanzu ba ka raba launinta da tudun kuza.

Kafin Baba Davou ya iso na gama yanke hukunci:
famfo ne.
Na buga waya Dilimi, na ji farashi,
na nemi dutse na zauna.
Kuɗin irin dankali ke nan, har da taki.

Ya sauka daga babur da akwatin sifana ɗaure da roba.
Kunnensa na hagu ya tafi tun zamanin injinan haƙa.
Ya ce, "Wa ya gaya maka famfo ne?
Ba a fara tuhuma daga mai tsada."

Ya zaro ma'auni.
Mai ya biyo shi fari-fari kamar kunun gyaɗa.
"Ina take kwana?"
Na nuna gindin bishiyar turare.
Ya sa yatsa a robar giya, yatsan ya wuce.
Damina uku tana shan ruwa ta nan,
ni kuwa ina wanke mata fuska.

Muka tsiyaye a bokiti biyu da tsohon baho.
Rariya ta fito cunkushe da baƙin taɓo
da ƙurar ƙarfe mai ƙyalli.
Kananzir, buroshin haƙori, haƙuri.
Sabon mai, jarka guda, bashi.

Na ja liba.
Ta tashi tana shessheƙa,
famfo na kuka kamar ɗan akuyar da aka yaye,
kumfa ta rufe bakin mai.

Na kai hannu zan shafa tiyo in nemo yoyo,
ya doke ni har sai da na ji a gwiwar hannu.
"Man nan in ya sami hujin allura, fata ba ta tare shi."
Ya nuna mini ɗan yatsansa da ya rage rabi,
ya miƙo mini kwali.
Kwali ya zaga ya dawo a bushe.

Sai ya kafa sukudireba a jikin famfo,
ya cije ƙotar da haƙora, ya lumshe ido.
Da ƙashi yake saurare.
"Ba zubarwa take ba. Iska take zuƙa."
Ya bi gaɓoɓin bututu yana shafa giris,
ta farko, kuka;
ta biyu, kuka;
ta uku, shiru.

Muka kwance noti.
Zoben roba ne, bai kai na aure faɗi ba,
ya daskare, ya tsage,
an naɗe shi da koren zaren ɗinkin hula.
Na san wannan naɗi.
Haka ake ɗaure mini igiyar takalmi ina aji biyu.

Baba Davou ya goge hannu a wando.
"Ya ce zai sa sabo bayan girbi."
Bai ƙara ba. Mu duka mun san wane girbi.

Kuɗin zoben bai kai na Keke zuwa Dilimi ba.

La'asar sakaliya na ja liba,
garma ta miƙe sumul, laka na zuba daga haƙoranta.
Ya ce, "Kashe, bar ta a sama, kada kowa ya je kusa.
In ta zame kafin shayi ya huce, da sauran aiki a silinda."

Muka zauna kan dutsen ɗazu.
Hadari na haɗowa ta wajen tsaunin Shere.
Shi yana kallon garma,
ni ina juya zaren a aljihu,
har yanzu da danshin mai.